Bin sawun waƙoƙin Japan: yadda za ka nemo su, da yadda za ka ɗanɗana wa wani

Wata yamma ina tsakar gida ina wankin takalmi, waya na kan turmi tana ta waƙa, sai ƙanena ya tsaya da bokiti a hannu. "Yaya, wannan ta Indiya ce ko ta Sin?" Na ce masa ba ko ɗaya, ta Japan ce, kuma ta girme ni ta girme shi. "Mayonaka no Door" ce ta Miki Matsubara, wadda ta fito a 1979. Ya ce don Allah in tura masa irinta. Daɗi ya ɗebe ni. A daren na hana idona barci na haɗa masa waƙoƙi arba'in da 'yan kai, tun daga na tsofaffi masu sanyi har na masu ihu da jita. Bayan mako biyu na tambaye shi wacce ta fi kama shi, sai ya hau sosa ƙeya. Ko ɗaya bai buɗe ba.

Laifina ne. Wanda ya roƙi ɗanɗano ba a dire masa tukunya. Tun daga ranar na sake salo, wajen nema da wajen bayarwa, kuma abin da na koya ne zan shimfiɗa a nan. Kada harshen ya tsorata ka. Mu da iyayenmu suka shekara da shekaru suna rera waƙoƙin Indiya ba su san me ake cewa ba, ai ba a koya mana jin daɗin waƙar da ba mu jin yarenta.

Da farko, riƙe waƙar da ta riga ta kama ka

Kada ka buɗe YouTube ka rubuta cewa kana neman waƙoƙin Japan mafi daɗi. Bayan Amurka, babu kasuwar waƙa mai girman ta Japan, kuma yawancin abin da ake yi a can don 'yan gida ake yin sa. Wanda ya faɗa wannan rijiyar babu igiya sai dai a ji labarinsa. Igiyarka ita ce waƙa ɗaya tak da ka taɓa ji ta tsaya maka a rai.

Ga matasa da yawa, wannan waƙar daga katun ɗin Japan da ake kira anime ta fito. In ka kalli Naruto, ka ji "Haruka Kanata" ta ƙungiyar Asian Kung-Fu Generation, ka ji "Blue Bird" ta Ikimonogakari. In Demon Slayer ne, ka ji "Gurenge" ta LiSA, ta 2019. Waɗannan ba ƙananan ma'aikatan gidan katun ba ne, manyan mawaƙa ne masu cika dandali. Haka kasuwar can take tafiya: kamfani ya ɗaura sabuwar waƙa a jikin anime, ko wasan kwaikwayon talabijin, ko tallan kaya, waƙa ta tallata shiri, shiri ya tallata waƙa. "Lemon" ta Kenshi Yonezu, wadda ta karaɗe ƙasar a 2018, waƙar wani wasan talabijin ce mai suna Unnatural.

To ka nemo cikakkiyar. Wadda ake sawa a farkon anime minti ɗaya da rabi ce kacal, datsattsiya. Ta ainihin takan kai minti uku zuwa biyar, kuma sau da yawa a ɓangaren da aka yanke ne makaɗan suke baje kolinsu. In ba ka san sunanta ba, kunna wa Shazam ita, manhajar da ke gano sunan waƙa. In ya gagara, tsayar da bidiyon daidai inda ake jera sunaye, ɗauki hoton allon, Google Lens zai karanta maka rubutun.

Sai ka koyi kiran suna

A nan mutane suka fi sarewa. Japanawa suna rubutu da haruffa iri uku a cakuɗe, kanji da hiragana da katakana, sannan in aka mayar da suna zuwa boko ba a tsayawa kan ƙa'ida ɗaya. Mutum guda za ka gan shi Ohtaki a nan, Otaki a can. Mace guda za ka gan ta Sheena Ringo, Shiina Ringo, ko Ringo Sheena. Su sunan dangi suke fara kira, Turawa su juya shi, shi ya sa Utada Hikaru da Hikaru Utada duk mutum ɗaya ce. Dabarar ba ta da wuya: duk mawaƙin da ya kwanta maka, kwafi sunansa da haruffan Japan daga shafinsa, ka ajiye a wayarka, ka riƙa liƙa shi a akwatin bincike. Abin da zai fito maka ya ninka na boko, musamman bidiyon wasannin dandali da hirarraki.

Ƙungiyoyi kuma suna da sunayen gida da masoya ke kiran su da shi. Asian Kung-Fu Generation ita ce Ajikan, Official Hige Dandism ita ce Higedan, Mr. Children ita ce Misuchiru. In ka ga waɗannan a ƙasan bidiyo kada ka ɗauka wasu ne daban.

Ga albishir ga Bahaushe: bakinka ya fi na Bature dacewa da Japananci. Wasulansu biyar ne irin namu, suna ja suna gajartawa kamar yadda muke yi. Suna ninka baƙi ma'ana ta sauya. Yadda daba da dabba suka bambanta a wurinmu, haka kite, wato zo, da kitte, wato kan sarki, suka bambanta a wurinsu. Har "f" ɗinsu ta cikin Fujii da leɓɓa biyu ake hura ta, irin tamu. Inda ka ga "ch" karanta shi "c", sauran kuwa karanta yadda ka gani. Cikin wata ɗaya za ka iya bin amshi da bakinka.

Matakin da ya fi kowanne: gangara ka karanta wa ya yi me

In da abu ɗaya za ka ɗauka daga wannan rubutun, wannan ne. A ƙasan bidiyon waƙa, ko a wurin da Spotify ke nuna masu aiki, za ka ga kalmomi uku. 作詞, ana karanta ta sakushi, wanda ya rubuta baitoci. 作曲, sakkyoku, wanda ya ƙirƙiri karin waƙar. 編曲, henkyoku, wanda ya tsara kiɗan, ya ce a nan jita za ta shigo, a can ƙaho. Haddace siffarsu kamar yadda ka haddace tambarin bankinka. Sau tari abin da ya kama ka a waƙa ba muryar ba ce, hannun na biyu ne ko na uku. In ka bi sunansa, zai kai ka gidajen da injin YouTube ba zai taɓa kai ka ba, don shi injin abin da jama'a suka fi latsawa yake maimaita maka.

Bari in nuna maka da misali, ka ga yadda zare ɗaya yake warware riga.

A farkon shekarun 1970, bayan ƙungiyar Amurka The Ventures sun cusa wa samarin Japan son jitar lantarki, The Beatles na Ingila kuma sun yi wasa a zauren Budokan na Tokyo a 1966, an yi ta gardama ko za a iya rera rok da Japananci, ko dole sai da Turanci. Wasu samari huɗu suka kafa ƙungiya mai suna Happy End suka rera da harshensu. Kundinsu na 1971, Kazemachi Roman, har yau ana sa shi a sahun farko. Ba su daɗe tare ba, amma dubi inda kowa ya nufa. Haruomi Hosono, mai jitar bes, shi ya kaɗa a kundin farko na Yumi Arai, Hikoki-gumo, a 1973. A 1978 kuma ya haɗu da Ryuichi Sakamoto da Yukihiro Takahashi suka kafa Yellow Magic Orchestra, masu kiɗan na'ura da duniya ta kwaikwaya. Takashi Matsumoto, mai ganguna, ya ajiye sanduna ya zama marubucin baitoci, shi ya rubuta wa Seiko Matsuda "Akai Sweet Pea" a 1982. Karin wannan waƙar kuma wa ya yi? Yumi Arai ɗin nan dai, bayan ta yi aure ta koma Yumi Matsutoya, ta ɓoye a bayan wani sunan alƙalami. Eiichi Ohtaki ya buɗe kamfaninsa, Niagara, ya fitar da kundin wata ƙaramar ƙungiya mai suna Sugar Babe a 1975. A cikin Sugar Babe akwai Tatsuro Yamashita da Taeko Onuki. Onuki ta fitar da Sunshower a 1977, wanda Sakamoto ya tsara wa kiɗa. Yamashita ya auri Mariya Takeuchi, kuma shi ya tsara mata "Plastic Love" a 1984.

Ka gani? Daga waƙar da wataƙila ka taɓa cin karo da ita a YouTube, baya-baya, ka tarar da dangi guda, kowa da kundinsa. Wannan dangin kaɗai ya isa ya cinye maka shekara. Ni ya cinye mini fiye da haka, ban kuma yi da-na-sani ba.

Zaren zamani ma haka yake, sai dai shi daga kwamfuta ya faro. A ƙarshen Agustan 2007 kamfanin Crypton ya fitar da Hatsune Miku, manhajar murya da aka gina kan fasahar Vocaloid ta Yamaha: ka rubuta mata baiti da kari, ta rera. Yara masu basira da ba su da kuɗin situdiyo suka riƙa haɗa waƙa a ɗakin kwanansu suna ɗorawa a shafin Niconico. Kenshi Yonezu daga nan ya fito, a lokacin sunansa Hachi. Ayase na YOASOBI daga nan. N-buna na Yorushika daga nan. Ado ta fara da maimaita irin waɗannan waƙoƙin da muryarta, kuma "Usseewa" da ta fito da ita a 2020 wani ɗan wannan makarantar ne, syudou, ya rubuta mata. Shi ya sa waƙoƙin Japan na yanzu suke da sauri, kalmomi cunkushe, murya na tsalle daga ƙasa zuwa sama: an saba rubuta wa na'urar da ba ta numfashi, sai aka dawo ana ba 'yan Adam.

Wasu hannayen da ya kamata ka riƙe: Yasutaka Nakata, wanda ke bayan Perfume da Kyary Pamyu Pamyu. Seiji Kameda, da ya yi aikin kundayen farko na Sheena Ringo, daga baya ya zama mai bes a ƙungiyarta Tokyo Jihen. Daiki Tsuneta na King Gnu, wanda ya sa hannu a "Kick Back" ta Yonezu. In kana son sanin har wanda ya busa ƙaho a tsohon faifai, shafin Discogs ne wurin zuwa.

Ka san unguwannin garin, ko da sama-sama

Kalmar J-pop ba tsohuwa ba ce. A ƙarshen shekarun 1980 gidan rediyon J-WAVE na Tokyo ya ƙirƙiro ta. Kafin nan kayokyoku ake cewa, sai kuma enka, waƙar manya mai karkarwar murya da kukan rabuwa, wadda Hibari Misora ce sarauniyarta. Abin da ake kira city pop shi ne dangin da na warware maka a sama, kiɗan birni na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980, lokacin da kuɗi ya yi wa Japan yawa ana zuba shi a situdiyo. Ji Ride on Time da For You na Yamashita, A Long Vacation na Ohtaki, Timely!! na Anri.

Shekarun 1990 su ne na cinikin faifai kamar hauka: B'z, Mr. Children, Spitz, Dreams Come True, Namie Amuro. A 1999 wata yarinya 'yar shekara goma sha shida, Hikaru Utada, ta fitar da First Love, ya sayar da sama da kwafi miliyan bakwai, kuma har yanzu babu kundin da ya kamo shi a ƙasar.

Rok ɗinsu gida-gida ne. Akwai The Blue Hearts, masu kiɗan kai-tsaye babu kwalliya. Akwai visual kei, inda maza ke cancaɗa ado da fenti da gashi a tsaye, X Japan da Luna Sea na kan gaba. Zan faɗi gaskiya, wannan unguwar ban cika zama a cikinta ba, amma Yoshiki na X Japan makaɗin fiyano ne na gaske, kada shigar ta hana ka ji. Unguwata ita ce ta Number Girl, 'yan Fukuoka masu jita kamar ana wasa wuƙa, waɗanda suka watse a 2002 bayan sun bar tabo a kan kusan duk ƙungiyar da ta biyo baya. Da Fishmans, waɗanda kundinsu na 1996, Long Season, waƙa ɗaya ce mai tsawon minti talatin da biyar. Mawaƙinsu Shinji Sato ya rasu a 1999, kuma sai bayan shekaru masu yawa ne mutanen waje suka gano su ta intanet. Sai masu lissafi da jita irin toe da tricot, sai Babymetal da ta haɗa muryar 'yan mata da kiɗan ƙarfe, abin da a baki kamar wasa ne, a kunne kuma ba wasa ba.

Kada ka ce sai ka zagaye duka. Zaɓi unguwa ɗaya ka yi wata a ciki.

Jadawalin tashe: wanne za ka yarda da shi

Jadawalin Oricon tun 1968 yake ƙirga ciniki, kuma ya daɗe shi ne alƙali. Matsalarsa a yau ita ce Japanawa har yanzu suna sayen faifan CD, kamfanonin ƙungiyoyin matasa da ake kira aidoru kuma sun gano dabara. Ɗaya daga cikinsu, AKB48, ta riƙa saka tikitin gaisawa da mawaƙiya, ko ƙuri'ar zaɓen gwana, a cikin kwalin faifai, sai masoyi ɗaya ya sayi faifai iri ɗaya rututu. Don haka jadawalin cinikin faifai ƙarfin aljihun masoya yake nuna maka, ba waƙar da ke bakin jama'a ba. Billboard Japan Hot 100, da aka fara a 2008, ya fi amfani gare ka, don yana haɗa sauraro ta intanet da rediyo da kallon bidiyo da karaoke, wato inda ake sakin kiɗa zalla mutum ya rera da bakinsa. Jadawalin karaoke shi kansa abin dubawa ne, nan ake gane waƙar da ta zauna. Waƙar buɗe anime ɗin Evangelion ta 1995 har gobe tana ciki.

Wurare uku kuma sun fi mini kowane jadawali. Na ɗaya tashar THE FIRST TAKE a YouTube, da aka buɗe a ƙarshen 2019: farin ɗaki, makirfo, mawaƙi ya rera sau ɗaya babu gyara. Nan ake bambance mai murya da mai kwalliya. Na biyu jerin sunayen waɗanda za su yi wasa a manyan bukukuwa, Fuji Rock da ake yi tun 1997, da Summer Sonic, da Rock in Japan. Kada ka tsaya kan sunayen da aka rubuta da manyan baƙi a saman fosta, sauka can ƙasa inda aka rubuta ƙanana, ka ɗauki uku ka gwada. Na uku Kohaku, gasar waƙa ta ja da fari da gidan talabijin na NHK ke yi duk daren 31 ga Disamba, wadda ta faro a rediyo a 1951. Jerin waɗanda aka gayyata kowace shekara taƙaitaccen labarin shekarar ne, daga tsohuwa mai enka har yaron da ya yi tashe a TikTok. Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa takwas, saboda haka su suna shirin shiga sabuwar shekara mu muna haramar la'asar.

Wani abin da zai ba ka haushi, gara ka sani tun yanzu: ba komai za ka samu ba. Spotify sai 2016 ya shiga Japan, manyan mawaƙa kuma suka yi ta jan ƙafa. Yonezu sai 2020 ya saki waƙoƙinsa, B'z sai 2021. Yamashita kuwa ya shahara da ƙin yarda a ɗora yawancin nasa. Abin da wani ya ɗora a YouTube ba da izini ba kuma yau yana nan gobe babu. "Plastic Love" ɗin da ta yi tashe daga 2017 wani masoyi ne ya ɗora ta, hoton da ke kai ma ba na waƙar ba ne, na wani faifanta ne daban, kuma rikicin haƙƙin hoton ya sa aka taɓa sauke bidiyon. Saboda haka kada ka dogara da jerin da ka tara a manhaja kaɗai. Ni ina da ɗan littafi mai bango shuɗi, nakan rubuta sunan waƙa, mai ita, shekara, wanda ya tsara kiɗan, da kalma biyu kan abin da ya kama ni. Tsohon yayi ne, amma ba a taɓa sauke shi ba.

Yadda za ka saurara

Waƙar Japan tana da gini da ya kamata kunnenka ya saba da shi. Akwai A-melo, shimfiɗa. Akwai B-melo, inda ake ɗaga ka a hankali kamar mai hawa tsani. Sannan sabi, wato amshi, inda komai ke fashewa. Waƙoƙin Amurka na yanzu sukan yi ta juya zagaye ɗaya daga farko har ƙarshe, su kuwa waɗannan tafiya suke yi, kuma sau da yawa a sabi na ƙarshe sai a ɗaga murya gaba ɗaya zuwa mataki na sama. Ma'ana, kada ka yanke wa waƙa hukunci a daƙiƙa ashirin. Ba ta haƙuri har sabi na farko ya wuce. In bai motsa ka ba, wuce abinka, ba dole.

Mawaƙin da waƙoƙinsa uku suka kama ka, ka ba shi kundi guda daga farko har ƙarshe, da iyafis a kunne, ba a cikin hayaniyar kasuwa ba. In data ce matsala, sauke shi lokacin da kake da garaɓasar dare, kuma murya zalla ta fi bidiyo sauƙi nesa ba kusa ba.

Kafin ka ɗora a status, san me ake cewa

Na ce ba sai ka ji yaren ba kafin ka ji daɗi. Amma kafin ka tura wa wani, nemi fassara, don Japanawa gwanaye ne wajen naɗe baƙin ciki a cikin kiɗan murna. "Yoru ni Kakeru", waƙar farko ta YOASOBI a 2019, in ka ji fiyanonta sai ka ce ta biki ce, alhali an gina ta ne kan wani gajeren labari na kashe kai. Sunan "Shinunoga E-Wa" ta Fujii Kaze, wadda 'yan Tailan suka tayar a TikTok a 2022, yana nufin gara mutuwa, wato da dai a rabu. "Usseewa" kuwa rufe-mana-baki ce cikin gatsali, ba wadda za ka tura wa kawunka ba. Wannan ruɗanin tsoho ne. Waƙar Kyu Sakamoto da ta hau saman jadawalin Amurka a 1963 ta mutum ce mai tafiya yana kallon sama don kada hawayensa su zubo, amma Turawa suka raɗa mata "Sukiyaki", sunan wani abincin naman sa, don shi ya fi musu sauƙin faɗa.

Bidiyon ma ka kalle shi tukuna. Wata waƙar tsaf take, hotunanta ne ba za ka so ƙanwarka ta buɗe a gaban Hajiya ba. In haka ne tura murya kawai.

Bayarwa

Yanzu mun dawo kan kuskurena. Kafin ka tura komai, tambayi mutum abin da yake ji da ma. Amsarsa ita za ta nuna maka ƙofa.

Mai son waƙoƙin soyayya na Indiya, masu goge da jan rai, ba shi "First Love" ta Utada, in dattijo ne kuma gwada masa Hibari Misora. Mai son abin da ke motsa kafaɗa, ba shi city pop mai ƙaho da bes, ko "Matsuri" ta Fujii Kaze. Ɗan hip-hop ba shi Creepy Nuts, ka gaya masa DJ ɗinsu, Matsunaga, ya taɓa cin gasar duniya ta DMC a 2019, zai gyara zama. Wanda kunnensa ya saba da jitar Agadas, ta su Bombino da Mdou Moctar, ba ya tsoron jita mai kaifi da maimaici, shi ne za ka iya kai wa Number Girl ko Kikagaku Moyo kai tsaye. Mai neman abin da zai ji da dare bayan gari ya yi tsit, ba shi Ichiko Aoba, ita da jitarta kawai. Fishmans kuwa ajiye su sai zumunci ya yi nisa. Ba a fara wa baƙo da waƙar minti talatin da biyar.

Tura ɗaya. Ɗaya tak, daga shafin mai ita na gaskiya. Haɗa da layi guda da ke nuna masa inda zai sa kunne, misali ka ce ya jira inda ƙahonin ke shigowa, ko ya lura da abin da mai ganga yake yi a amshi na biyu. Kada ka haɗa da tarihi. Duk labarin Happy End ɗin nan da na zuba maka, riƙe shi a cikinka sai an tambaya, in ba haka ba za ka zama malamin da babu wanda ya ɗauka aiki. Kada kuma ka ce masa wannan ta fi duk abin da yake ji. Wanda aka raina wa gwaninsa ba ya buɗe kunne.

Sannan ka yi shiru kwana biyu. In ya dawo, kada ka tambaye shi ko ta yi daɗi, zai ce ta yi don kunya. Tambaye shi wane wuri ne ya fi kama shi. In ya ce muryar, bi mawaƙiyar. In ya ce kiɗan, bi mai tsarawa. In ya ce bai ji komai ba, sauya unguwa gaba ɗaya, kada ka nace. In sau uku ka gwada bai kamu ba, ƙyale shi, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da na koma wa ƙanena karo na biyu, na duba littafina na ga Tetsuji Hayashi ne ya yi karin "Mayonaka no Door". Sai na nemo wata da shi ɗin dai ya yi wa Anri a 1983, "Kanashimi ga Tomaranai", na tura masa ita kaɗai, na ce ya ji yadda take buɗewa. Washegari da safe na ji ta tana tashi daga ɗakinsu. Bayan kwana uku ya same ni a tsakar gida, wannan karon ma ina wanki, ya ce, "Yaya, wai wane ne yake kaɗa bes ɗin nan a ta farkon?" Na nuna masa kalmomi ukun nan a waya, na rubuta masa sunan Discogs a bayan kwalin sabulu, na ce ya je ya nemo da kansa, in ya samo ya zo ya gaya mini, hannuna duk kumfa ne.